Wace jijiya za a kashe? Zaɓin allurar rage zafi bayan aikin igiyar gwiwa

Wanda igiyar cikin gwiwarsa ta tsinke yakan shafe makonni yana zarya wurin likitan fiɗa. A duba hoto, a ja ƙafa a gwada, a yi maganar inda za a samo abin da za a maye gurbin igiyar da shi, a yi maganar watannin da za a ɗauka kafin a koma fili ko bakin aiki. Amma maganar zafin da zai biyo bayan aikin, sau da yawa sai ana saura 'yan mintuna a shiga ɗakin tiyata take tasowa. Likitan sa barci ya zo ya ce za a yi allura a cinya domin kashe zafi, mutum kuma yana kwance cikin fargaba ya ce to. Alhali allurar nan ba iri ɗaya ba ce, kuma wadda aka zaɓa ita ke yanke ko ƙafar za ta iya ɗaukar mai ita a ranar farko ko kuwa za ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa.

Sai mun fara warware wata kalma kafin mu yi nisa, domin a bakinmu jijiya ɗaya ce ke ɗaukar abubuwa da yawa. Abin da ya tsinke a gwiwa ba hanyar jini ba ne, ba kuma shi ne hanyar kai saƙo ba, ɗauri ne mai ƙarfi da ke haɗa ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri ya hana ƙwaurin zamewa gaba. Likitoci na kiransa ACL, mu kuma a nan za mu ce masa igiya. Abin da ake yi wa allura kuwa jijiyar saƙo ce, wadda ke kai labarin zafi zuwa ƙwaƙwalwa, ta kuma kawo wa tsoka umarnin motsi. Ana zuba maganin kashe wuri a gefenta, yawanci bufibakain ko rofibakain, ana kallon bakin allurar a na'urar sikanin, sai saƙo ya daina wucewa na wasu sa'o'i. Matsalar duka a nan take: maganin bai san saƙon zafi daban da saƙon motsi ba. In jijiyar na ɗauke da duka biyun, duka biyun zai tare.

Daga ina zafin yake fitowa?

Ana yin aikin ne da kyamara ta ƙananan ramuka, to amma kada ƙanƙantar ramukan ta ruɗe ka. A ciki ana huda ƙashin cinya da na ƙwauri a yi hanyar da sabuwar igiya za ta bi, ana cika gaɓar da ruwa, kuma sau da yawa ana matse cinya da ɗauri mai iska don tsayar da jini har a gama. Kowanne yana barin nasa ciwon. Sai dai babban abin da ke bambanta mutum da mutum shi ne wurin da aka yanko abin dashen.

In daga agarar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa aka ɗauko, tare da guntun ƙashi a kowane gefe, zafin a gaba yake, kuma yana da ƙarfi. Haka in daga agarar da ke saman ƙoƙon aka ɗauko. In kuwa daga agarar tsokokin bayan cinya ne, yankan da ake gani ɗan ƙarami ne a cikin ƙwauri ta sama, amma ƙarfen da ake zare agarar da shi yana shiga can sama ta cikin cinya da bayanta, kuma can ne mutum zai riƙa nunawa da hannu. In daga jikin wani mamaci da ya bayar aka samo dashen, babu wurin yanka na biyu, zafin yakan zo da sauƙi. Sannan in an haɗa da ɗinkin guringuntsin tsakanin ƙasusuwa, musamman ta baya, an ƙara wani wurin ciwo.

Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne gwiwa ba jijiya ɗaya ke kula da ita ba. Gabanta da cikinta na ƙarƙashin jijiyar fimoral da rassanta. Bayanta na ƙarƙashin babbar jijiyar sayatik da ke saukowa ta bayan cinya, da kuma wani reshe na jijiyar obtureta. Duk iya gwanintar mai allura, in ya kashe gaba alhali ciwon a baya yake, ya yi shuka a idon makwarwa.

Allurar gindin cinya

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma shekaru da yawa ita ce abin da ake nufi in an ce za a kashe ƙafa. Ana yin ta a lanƙwasar matsematsi, inda jijiyar fimoral take kwance kusa da babbar jijiyar jini, ba ta da zurfi, tana da sauƙin gani da sauƙin samu. Tana kashe gaban cinya da gaban gwiwa da cikin ƙwauri. Ga wanda aka yanko dashensa daga gaban gwiwa, tana rufe wurin da kyau, kuma babu mai musun cewa tana aiki.

Laifinta ɗaya ne, amma babba ne. Jijiyar nan ita ce ke ba tsokar gaban cinya umarni, tsokar nan mai kai huɗu da ke miƙe gwiwa ta kuma riƙe ta in an tsaya. A wani gwaji da aka buga a 2013, wanda aka yi a Denmak a kan matasa masu ƙoshin lafiya, wannan allura ta rage ƙarfin tsokar da kashi 49 cikin 100. Wato kusan rabi, a jikin da ba a ma yi wa aiki ba. To ka ƙara da cewa gwiwar da aka yi wa tiyata ta kumbura, kumburin kansa yana sa tsokar ta ƙi amsa kira. Mutum ba ya jin zafi, sai ya ɗauka ƙafar lafiya take, ya tashi zai shiga banɗaki, gwiwa ta lanƙwashe ba tare da gargaɗi ba. Faɗuwa a ranar da aka dasa sabuwar igiya ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa duk wanda aka yi wa wannan allura ba ya taka ƙafa sai da takalmin gwiwa a kulle a miƙe, da sanduna, da wani a gefensa, har sai ƙarfin ya dawo.

Akwai kuma wata damuwa da ta fi wannan tsawo. A 2015 wani nazari daga asibitin Mayo da ke Amurka, a kan yara da matasa, ya nuna waɗanda aka yi wa allurar fimoral suna da raunin tsoka fiye da sauran har bayan wata shida. Nazari ne na waiwaye a kan bayanan da aka riga aka tara, kuma wasu binciken da suka biyo baya ba su ga wannan bambanci ba, don haka magana ce da masana ke ja a kanta. Amma ta isa ta sa likitocin 'yan wasa da yawa suka ja da baya. Ni ma ina ganin suna da hujja. Duk wahalar watannin da ke biyo bayan wannan aiki a kan dawo da tsokar gaban cinya take. Abin da zai taɓa ta, ko da shakka ce kawai, bai kamata a karɓe shi don sauƙin yini ɗaya ba in akwai wata hanya.

Allurar tsakiyar cinya

Ita ce wadda ta karɓe wuri a wurare da yawa. Maimakon a tare jijiyar tun daga tushe, sai a sauko zuwa tsakiyar cinya ta ciki, inda akwai wata 'yar magudana tsakanin tsokoki da ake kira magudanar adakta. Kafin a iso nan, yawancin rassan da ke motsa tsoka sun riga sun rabu sun tafi wurin aikinsu. Abin da ya rage a cikin magudanar shi ne jijiyar safinas, wadda ji kawai take ɗauka ba motsi, da reshen da ke zuwa kai ɗaya cikin kawuna huɗu na tsokar, wanda shi ma yana ɗauke da saƙon zafi daga gaɓar. A wancan gwaji na Denmak, wannan allura ta rage ƙarfin tsoka da kashi 8 kacal. Ka kwatanta 8 da 49.

Tambayar da ta rage ita ce ko tana kashe zafi kamar ta sama. A 2016 an buga wani gwaji daga Toronto a Kanada a kan mutum 100 da aka yi wa aikin ACL, aka raba su gida biyu. Zafin da suka ji da yawan magani mai ƙarfi da suka buƙata a yinin farko bai nuna allurar tsakiyar cinya ta gaza ta fimoral ba, ƙarfin tsoka kuwa ya fi tsira a wurin waɗanda aka yi wa ta tsakiya. In aka ce a zaɓi ɗaya tsakanin biyun nan kawai, ga mutumin da za a sallama a ranar ya koma gida da sanduna, ta tsakiyar cinya ce ta fi dacewa, kuma ban ga wata doguwar muhawara a nan ba.

Sai dai kada a ɗora mata abin da ba ta iya ba. Ba ta zuwa bayan gwiwa. Ba ta rufe duk gaban gwiwa yadda fimoral ke yi, musamman sama da gefen waje. Kuma cewa ba ta taɓa ƙarfi ba alkawari ba ne: in an yi ta can sama-sama, ko aka zuba magani da yawa, yakan haura ya kai ga rassan motsi, ƙafa ta yi rauni kamar an yi fimoral. Yawanci ana zuba mililita 15 zuwa 20. Don haka ko wannan aka yi maka, kada ka amince wa ƙafar sai an gwada, ka ɗaga ta a miƙe kana kwance an ga ta ɗagu.

Abin da ke bayan gwiwa

Nan ne aka fi samun wanda aka yi wa allura amma ya farka yana kuka. Yawanci wanda aka zare wa agarar bayan cinya ne. Hanyoyi uku ake bi.

Ta farko a kashe jijiyar sayatik kanta. Tana aiki sosai, in aka haɗa ta da ta gaba kusan duk ƙafar ta mutu. Amma kuɗinta da tsada, ba na aljihu nake nufi ba. Tafin ƙafa da yatsu suna mutuwa, mutum ba ya iya ɗaga kan ƙafarsa, tana reto yana jan ta, ga sanduna a hannu. Bayan haka akwai wani reshe nata da ke zagaya gefen gwiwa ta waje, wanda tiyatar kanta kan iya taɓawa, musamman in an gyara igiyoyin gefe ko aka ɗinke guringuntsi na waje. Likitan fiɗa yana so da an gama ya ce ɗaga yatsunka ya gani. In an kashe sayatik, ba zai san ko allura ce ko rauni ba sai washegari. Saboda haka a aikin ACL na yau da kullum ba kasafai ake fara da ita ba. Wurinta shi ne babban aiki da aka gyara igiyoyi biyu ko uku a lokaci ɗaya, ko a matsayin ceto ga wanda zafin baya ya fi ƙarfin duk wani magani.

Ta biyu sabuwa ce, an fara bayyana ta a wajen 2012, ana kiranta aifak. Ana zuba magani a ɗan filin da ke tsakanin jijiyar jinin bayan gwiwa da jakar da ta lulluɓe gaɓar, inda ƙananan rassan ji suke shiga, ba tare da an taɓa manyan jijiyoyin da ke motsa ƙafa ba. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi suna a aikin sauya gwiwa gaba ɗaya. Tana taimakawa ga ciwon da ke cikin gaɓar ta baya. Amma ciwon hanyar da aka zaro agara yana can sama a cinya, ita kuwa a gwiwa take tsayawa.

Ta ukun ita ce mafi sauƙi, kuma ita aka fi mantawa: likitan fiɗa da kansa ya zuba maganin kashe wuri a cikin hanyar da ya zaro agarar, tun kafin ya rufe. Yana ganin wurin da idonsa, ba a buƙatar wata na'ura. Wanda ya san daga bayan cinya za a ɗauko masa dashe, wannan ce tambayar da ya kamata ya yi wa likitansa tun a ganawar asibiti.

In ba a taɓa wata jijiya ba fa?

Mutane da yawa ba su san wannan ma zaɓi ne ba, har wasu kan ɗauka an rage musu wani abu in ba a yi musu allurar cinya ba. A wannan hanya likitan fiɗa ne ke zuba maganin a cikin gaɓar, da bakin ramukan kyamara, da wurin da aka yanko dashe, a haɗa da magungunan sha da na jijiyar jini. Babu tsokar da ke rauni, babu ƙarin lokaci, babu haɗarin allura ta taɓa babbar jijiya.

A 2019 ƙungiyar likitocin sa barci masu kula da tiyatar da ake sallama a rana ɗaya, wadda ke Amurka, ta tattara binciken da ake da shi ta fitar da shawara. Abin da ta sa a gaba, da ƙarfi, shi ne wannan zuba magani a wurin aiki, haɗe da magunguna irin su farasitamol da masu rage kumburi. Allurar tsakiyar cinya da ta fimoral ta ajiye su a matsayin abin da za a iya yi in ba a yi wancan ba, kuma shawarar tata a kansu mai rauni ce. Wannan ya ba mutane da yawa mamaki, amma ma'anarsa a fili take: in an riga an ba da magunguna yadda ya kamata aka kuma zuba na wuri, abin da allurar jijiya ke ƙarawa a kai ba shi da yawa kamar yadda ake zato.

Rauninta shi ne ba ta daɗewa kamar allurar jijiya, kuma ingancinta ya dogara da haƙurin likitan fiɗa wajen bin kowane lungu. Akwai kuma batun guringuntsi. An ga maganin kashe wuri, musamman bufibakain, yana iya cutar da ƙwayoyin guringuntsi in ya daɗe a cikin gaɓa. Mummunan abin da aka gani ya faru ne da famfunan da ke ɗiga magani cikin gaɓa kwana da kwanaki, galibi a kafaɗa, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2009. Zubawa sau ɗaya wani abu ne daban, amma saboda wannan tarihi likitoci da yawa sun fi son su zuba a kewayen gaɓar da wurin yanka fiye da cikinta, ko su yi amfani da rofibakain.

Sau ɗaya ko bututu?

Allura ɗaya takan riƙe sa'o'i 12 zuwa 24, gwargwadon magani da ƙarfinsa. In aka haɗa da deksametason, wani maganin rage kumburi, a cikin allurar ko ta jijiyar jini, takan ƙara wasu sa'o'i, kuma yana rage tashin zuciya. Ana iya barin siririn bututu a gefen jijiyar, a haɗa da ƙaramin famfo da mutum zai tafi da shi gida, ya riƙa ɗiga magani kwana biyu ko uku. Yana da amfani ga wanda dama yake shan magungunan zafi masu ƙarfi tun kafin aiki, ko wanda bai kamata ya sha su ba sam. Amma bututu yana gocewa daga wurinsa, yana yoyo, yana iya kawo ƙwayar cuta, kuma yana buƙatar lambar da za a kira da tsakar dare a samu mai ɗauka. In a fimoral aka sa shi, raunin ƙafa ma ya zama na kwanaki ke nan. Ga yawancin masu aikin ACL, wahalarsa ta fi ribarsa.

Daren farko

Wannan ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya, domin a nan ake shan wahalar da ba dole ba. An yi aiki da safe, an dawo gida da yamma, ƙafa shiru. Mutum ya ce ashe abin ba wuya, ya ajiye ƙwayoyin da aka ba shi ya kwanta. Can cikin dare allura ta sake shi. Ba ta saki a hankali, sau da yawa cikin ɗan lokaci kaɗan mutum ke tashi daga babu zafi zuwa zafi mai ƙuna da bugawa, har ya ɗauka wani abu ne ya tsinke a ciki. Likitoci sun san wannan sarai, sun ba shi suna, zafin dawowa, kuma ya fi kama matasa da waɗanda aka taɓa musu ƙashi, wato daidai irin mutanen da ake yi wa wannan aiki. Duk yadda allurar ta kai ga kashe ƙafa, haka dawowar ke zuwa da firgici.

Maganinsa ba wata allura ba ce. A fara shan farasitamol da maganin kumburi a kan lokaci tun ƙafar tana mace, ba sai an ji zafi ba, a sha kafin a kwanta, a sa agogo don na tsakar dare. Babba mai lafiyar hanta ba ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, kuma a lura da magungunan da aka haɗa shi a ciki don kada a ninka ba a sani ba. Ibufurofen da diklofenak da danginsu ba na mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba ne, ko mai shan maganin tsinka jini, sai da izinin likita, kuma ba a haɗa biyu daga cikinsu. Magani mai ƙarfi irin tiramadol ko mofin na 'yan kwanaki ne kawai, don lokacin da sauran suka gaza, domin yana kawo jiri da amai da taurin bayan gida, kuma jiki yana sabawa da shi. A ɗaga ƙafa sama da matakin ƙirji, a sa ƙanƙara a naɗe da ƙyalle na kamar minti 20. Fatar da ta mutu ba ta jin ƙuna, ko ta sanyi ko ta zafi, don haka kada a ɗora mata ƙanƙara kai tsaye ko jakar ruwan zafi. Alamar farko da ke nuna allura ta fara saki ita ce tsikari da jin kamar kiyashi na tafiya a fata. In lokacin magani ya yi kusa, a nan ake sha.

Haɗarin da duka suka yi tarayya a kai

Jin tsikari ko mutuwar wani yanki na fata na 'yan kwanaki ko makonni yana faruwa, kuma yawanci yana wucewa da kansa. Lalacewar jijiya ta dindindin daga allura abu ne mai wuyar faruwa, 'yan kaɗan ne cikin dubu goma. Ya kamata a sani kuma cewa mutane da yawa bayan aikin ACL suna samun wani yanki da ya mutu a ƙasan gwiwa ta gefen waje, kuma galibi ba laifin allura ba ne, wani siririn reshen jijiya ne da ke ratsa wurin da ake yanka.

Haɗarin da ya fi gaggawa shi ne magani ya shiga jini da yawa. Alamunsa ƙara a kunne, ɗanɗanon ƙarfe a baki, mutuwar leɓɓa, jiri, in ya yi tsanani farfaɗiya da rikicewar bugun zuciya. Shi ya sa ake lissafa adadin maganin da nauyin jiki, kuma wannan lissafi ya haɗa duk abin da likitan sa barci ya zuba da wanda likitan fiɗa zai zuba. Ba a tara allura uku a ce ai yawa alheri ne. Duk inda ake wannan aiki ya kamata a samu ruwan maiƙon da ake sawa ta jijiyar jini don karya wannan guba, da na'urar lura da zuciya. Mai ciwon sukari da ƙafafunsa suka fara mutuwa, da mai wata cutar jijiyar saƙo, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda maganin kashe wuri ya taɓa yi masa illa ko a wurin likitan haƙori ne, duk su faɗa tun kafin ranar.

Zafin da ke ƙaruwa duk da magani tare da ƙwauri ya yi tauri kamar dutse, yatsu su yi sanyi ko su canza launi, dambubu ya kumbura yana ciwo, numfashi ya yi wuya, ko ƙafar ba ta fara farfaɗowa ba bayan kwana biyu, waɗannan ba na jira ba ne, na komawa asibiti ne nan take.

To wa zai ɗauki wanne?

Matashi ɗan wasa da za a ɗauko masa dashe daga gaban gwiwa, wanda burinsa tsokarsa ta dawo da wuri, allurar tsakiyar cinya tare da zuba magani a wurin yanka ta fi masa. Wanda za a zaro masa daga bayan cinya, abin da ya fi buƙata shi ne a zuba magani a hanyar agarar. Allurar tsakiyar cinya ƙari ce a gare shi, fimoral kuwa za ta raunana masa gaba ta bar masa ciwon baya, ya yi biyu babu. Wanda dashensa daga wani jiki ya fito kuma ba a taɓa masa guringuntsi ba, sau da yawa maganin wuri da ƙwayoyi sun wadatar. Mai minsharin da numfashi ke ɗaukewa a barci, ko wanda magani mai ƙarfi ke sa shi amai ba ƙaƙƙautawa, ko wanda ya taɓa fama da jarabar irin waɗannan magunguna, shi ne ya fi cin moriyar allurar jijiya, har ma da bututu. Fimoral tana nan da wurinta: babban aiki, mutum zai kwana a asibiti, gwiwa a kulle cikin takalmi, ko a matsayin ceto in an farka da zafin gaba da ya ƙi lafawa.

Wani abu kuma da ba ya cikin littafi shi ne hannun mai yi. Allurar tsakiyar cinya da aifak suna buƙatar na'urar sikanin da wanda ya saba da su. In likitan da ke gabanka ya fi ƙwarewa a wata hanya, ko babu na'urar, gara a yi wadda aka iya da kyau, ko a bar wa likitan fiɗa ya zuba a wuri, da a gwada sabuwa a jikinka. Kuma kada a rikita wannan da allurar baya da ake yi don a kashe rabin jiki lokacin aikin kansa. Ita takan saki cikin sa'o'i biyu zuwa huɗu, ba ita ce za ta raka ka gida ba.

Nemi ganin likitan sa barci kafin ranar aiki, ko aƙalla ka aika masa tambayoyinka ta hannun likitan fiɗa. Ka tambayi daga ina za a ɗauko dashen, wace allura ake shirin yi kuma wane ɓangare take rufewa, ko za a zuba magani a wurin yanka, ko an yarda ka taka ƙafa a ranar, da ƙarfe nawa ake sa ran allurar za ta saki. Ka sa a rubuta maka lokutan shan magani a takarda, ka ba wanda zai kwana tare da kai, domin bayan allurar barci ba kowa ke tuna abin da aka faɗa masa a bakin gado ba.